Kuɓewa Mai Jan Ƙyalle

A shekarun da gini ke cin Abuja ta ko'ina, rusau ya koro ƙananan ma'aikata daga cikin gari, Hanif ya sami ɗaki biyu a Kurudu. Gidan ba shi da abin nunawa. Sai ɗan fili a baya, jar ƙasa da ɓaraguzan bulo, an zagaye shi da tsohon kwano. Shi bai taɓa yi wa filin kallo na biyu ba. Mahaifiyarsa ce ta kalla.

Inna Rekiya ta zo ne bayan ta fita takaba. Yayyensa sun sayar da gonar Malam, mahaifinsu, can ƙauyensu a ƙasar Bakori, gida ya watse, aka ce auta ya ɗauke ta tunda shi ne mai albashi. Ta sauka a tasha da akwatin ƙarfe da wani gwangwanin madara da ta hana kowa ya riƙe mata. Toka ce a ciki. A cikin tokar kuma irin kuɓewa, bai cika tafin hannu ba.

Jar kuɓewa ce, doguwa, mai yauƙi. Malam ya gaje ta wurin ubansa. A ƙauye yanzu kowa ya koma irin kanti mai saurin haihuwa, na Malam da ke rumbu kuma ƙwari sun gama da shi lokacin da ake ta jinyar Malam. Abin da ke gwangwanin nan shi ne ƙarshenta.

Da ruwa ya sauka ta shuka rabi. Kajin unguwa suka tone. Ta toshe ƙasan kwanon da bulo, ta shuka sauran. Ta cika buhunan siminti da ƙasa da kashin kaji, ta zuba rama da yakuwa da alayyahu, ta kafa zogale a kusurwa. Ruwan wankin shinkafa ba ya zuba a banza, ɓawon doya da ganyen da aka tsince duk rami ɗaya suke shiga su ruɓe su koma taki. Kafin damina ta raba, bayan gidan ya yi duhu da ganye, sun daina sayen kayan miya in ba gishiri da manja ba.

A kan wannan kwanon ta yi ƙawa. Magdalena, wadda unguwa ke kira Maman Glory, mutuniyar kudancin Kaduna ce, tana sayar da abinci a bakin titi, tana da nata ganyen miya na ugu da barkono a tsofaffin bokitai. Da safe sai su tsaya, kowace a nata gefen, a miƙa ganye a karɓi ganye. A duk Abuja, ita kaɗai ke sa Inna dariya.

"Mama, wannan kuɓewa naka, sai ka ba ni iri fa," in ji Magdalena, kusan kullum.

"Ki bari ta bushe, Maman Gilori. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido."

Damina ta ja baya. Ganyen kuɓewar ya fara rawaya, fure ya ɗauke. Inna ta yaga gefen tsohon jan ɗankwalinta, ta zaɓi 'ya'yan da suka fi tsawo da miƙewa, ta ɗaura wa kowanne ƙyalle a wuya.

Duk ɗan ƙauyensu ya san ma'anar wannan. Ta iri ce. Ko yunwa ta kai inda ta kai ba a taɓa ta, sai ta bushe a jikin uwarta, ta fara tsagewa da kanta, in an girgiza ta yi kacau-kacau. Hanif ya sani. Yana ƙarami shi ke bin Malam cikin kunyoyin gona da ƙyallayen a hannu, yana miƙa masa ɗaya ɗaya.

Amma wannan Hanif ɗin ba ya zuwa ofis. Wanda ke zuwa ofis akawu ne mai gogaggiyar riga, wanda ya ce shi tashin Kaduna ne, mahaifiyarsa ma tana can. Tun ranar farko ya faɗa, ba tare da an matsa masa ba, maganar ta bi shi. In abokan aiki na yi wa wani dariya sun ce ƙauyanci, shi ma yakan yi. Da safe yakan kankare takalminsa a bakin titi kada jar ƙasar Kurudu ta bi shi cikin ma'aikata.

Ogansa, Alhaji Lawal, darakta ne, kuma ana ta raɗe-raɗin za a ba shi wata sabuwar hukuma, zai tafi da mutum biyu ko uku da ya yarda da su. Hanif na so ya shiga cikinsu, so ba na wasa ba. Don haka da Alhaji ya ce yana neman fuloti a wajen Kurudu, kafin kowa ya buɗe baki Hanif ya ce shi ya san wurin kamar yunwar cikinsa.

Ranar Asabar aka yi. Inna ta tsinke ƙananan kuɓewa da sassafe kamar yadda ta saba, ta tafi da su bikin suna a Karu, gidan wasu 'yan garinsu. Hanif ya ji daɗin tafiyar, ya kuma ji kunyar jin daɗin. Da hantsi Alhaji ya iso a baƙar jif, suka zaga filaye, suka sha rana. A hanyar dawowa Alhaji ya ce zai yi alwala. Babu yadda za a yi. Hanif ya kai shi gida, ya ɗauko buta, ya bi da shi baya.

Alhaji ya tsaya da butar a hannu.

"Kai! Hanif! Wannan duk naka ne?"

"E, yallaɓai."

"Kai ka shuka?"

Nan ne wurin da ya kamata ya tsaya. Ya ce, "Ni ne, yallaɓai. Ɗan abin ɗebe kewa ne, in na taso aiki."

"Ba takin zamani, ba feshi?"

"Ko kaɗan."

"Ka gani! A Turai yanzu sai manya ke cin irin wannan. Mu muna nan muna cin guba a leda." Alhaji ya shiga tsakanin buhunan yana ɗage babbar rigarsa, yana shafa ganye. Ya isa gun kuɓewar. "Wannan fa? Ja! Rabona da ganin jar kuɓewa tun ina firamare. Wannan tsumman na mene ne?"

"Na korar tsuntsaye ne."

"Dabara! Yanko min, Hajiya ta yi mana miya. Yau za ta san ina da yara masu hikima a ofis."

Hanif ya duba sandunan daga sama har ƙasa. Babu ƙarama ko ɗaya. Inna ta kwashe. Masu ƙyallen kaɗai suka rage, sun miƙe kamar yatsu, sun fara duhu, bakinsu bai tsage ba tukuna. Mako biyu suke nema, ko uku.

Ya san ba za su ciwu ba, sun riga sun yi itace. Ya san abin da suke. Kalma ɗaya ce: na iri ne, yallaɓai. Amma wanda ya ce tsumman na tsuntsaye ne, da wane baki zai dawo ya ce haka? Kuma in ya ce na Inna ne, wace Innar, wadda ke Kaduna?

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa.

Sai da ya danna da ƙarfi kafin kowace ta yanku. Yana yanka yana kwance ƙyallen yana cusawa a aljihu. Bai bar ko ɗaya ba, don Alhaji na tsaye yana nunawa da baki: ga wata can, ga wata a bayanka. Ya zuba su a baƙar leda, ya ƙara da alayyahu, ya kai har cikin mota. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Za mu yi magana ranar Litinin."

Inna ta dawo bayan la'asar. Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya baya, kamar kullum. Hanif na ɗaki yana jin takunta. Takun ya tsaya. Ya daɗe bai ji komai ba.

"Auta."

Ya fito. Tana tsaye, hannunta a kan wata sanda, babban yatsanta na shafa wurin yankan.

"Wa ya shigo gidan nan?"

"Ban sani ba, Inna. Na fita."

"Ba akuya ba ce. Akuya ba ta riƙe wuƙa. Ba ta kwance ƙulli." Ta duba ƙasa tana neman ƙyallayen. "Ba ka ga kowa ba?"

Ya ce, "Ni dai da zan fita na ga Maman Glory a jikin kwano."

Gaskiya ne ya gan ta. Shanya take yi.

Inna ta juya ta kalli kwanon, inda ya lotsa saboda yawan jingina da suke yi su biyu. Ta shige ɗaki. Tuwon sunan da ta ƙullo masa ta ajiye a gabansa, ita ba ta ci ba.

Washegari Lahadi. Magdalena ta dawo coci da hantsi, da ashobinta da ƙaton ɗauri, ta leƙo ta kan kwano riƙe da kwanon faten acca.

"Mama! Yaya suna? Ka ci shinkafa ka manta da ni, ko?"

Inna na tsugune tana cire ciyawa. Ba ta ɗago ba.

"Lafiya lau."

"Ga fate na kawo maka. Da zafi."

"Mun ƙoshi."

Magdalena ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Sai idonta ya kai kan sandunan.

"Yesu! Mama, ina kuɓewa? Wa ya yi wannan aiki?"

"Allah ya sani," in ji Inna. "Wanda ya kasa haƙuri ya bushe, ai sai ya ci ɗanye."

Dariyar ta mutu a fuskar Magdalena. Ta tsaya, kwanon na tururi a hannunta. Ta kalli Inna, ta kalli Hanif da ke bakin ƙofa da buroshi a baki.

"Ni? Mama, ni kake nufi?"

Inna ta ci gaba da cire ciyawa. Magdalena ta janye kwanon a hankali. Suka ji ta rufe ƙofarta, ba da ƙarfi ba.

Hanif ya tofar da kumfa. Wandon jiya na rataye a ƙusa, aljihun ya kumbura. Ya saka shi haka nan, ya fita bai ce inda za shi ba.

Daga Kurudu zuwa Karu, daga Karu zuwa Nyanya, ya sauya bas ya shiga gari. Duk hanya lissafi ɗaya yake yi: in ba a yanka su ba, in ba a jiƙa su ba, wataƙila waɗanda suka fi tsufa sun riga sun yi ƙwaya. Wataƙila. Malam yakan ce iri na da taurin rai fiye da mai shi.

Gidan Alhaji na Wuse, katanga mai waya a sama. Maigadi ya san shi, yakan kawo fayil. Hanif ya so ya zagaya ta baya wurin kuku ba tare da an gan shi ba, amma Alhaji na zaune a baranda da baƙi biyu, ana shan shayi.

"A'a! Ga manomin nawa!" Alhaji ya ɗaga hannu. "Zo nan, zo nan. Kai, jiya ka sa Hajiya ta yi min dariya har da hawaye. Ta ce icen girki na kawo mata. Wuƙa ma ta ƙi shiga. Ashe kai ma noman naka na littafi ne!"

Baƙin suka yi dariya. Hanif ya durƙusa ya gaishe su. Hanya a buɗe take: ya yi dariya shi ma, ya ce kuskure ne, ya koma gida. Da an wuce wurin.

"Yallaɓai, su na zo karɓa."

"Me?"

"Kuɓewar. In ba a zubar ba."

"Ka taso tun daga Kurudu saboda wannan itacen?"

"Na iri ne, yallaɓai." Idonsa na kan tayil. "Ƙyallen ba na tsuntsaye ba ne. Alama ce, kada a taɓa. Irin mahaifina ne, ya rasu, babu sauran wani a ko'ina. Kuma ba ni na shuka ba. Mahaifiyata ce."

"Wadda ke Kaduna?"

"Tana Kurudu, yallaɓai. Tare muke. Ba ta taɓa zama a Kaduna ba. Ni ma haka."

Cokalin wani baƙo ya daina juyawa a kofi. Alhaji ya ajiye nasa. Ya daɗe yana kallonsa, ba da fushi ba, da wani abu da ya fi fushi wuyar ɗauka.

"Ka sani, ka yanka?"

"Na sani."

"To me ya hana ka faɗa min? Ni ɗan manomi ne, Hanif. Da ka ce na iri ne, wallahi ko ganye ba zan taɓa ba." Ya girgiza kai. "Ka sa na ci amanar tsohuwa ban sani ba." Ya juya ya ƙwala kira. "Bernard! Nuna masa inda ka zuba abin jiya."

Bernard, kukun gidan, ya kai shi bayan kicin, ya nuna masa durom ɗin shara, ya koma ya tsaya a inuwa. Hanif ya naɗe hannun riga. Ƙashin kaza, ɓawon kankana, ragowar shinkafa da ta fara tsami, ƙudaje. Ya tura hannu har gwiwar hannu. Yawancinsu an sassare su gunduwa-gunduwa wajen gwada wuƙa, fararen ƙwayoyi sun zube cikin ruwan miya. Ya ci gaba da tonawa. A can ƙasa ya sami ledar, da 'yan kaɗan da ba a taɓa ba.

"Oga Hanif, in kuɓewa kake so akwai a firij fa," in ji Bernard.

Hanif ya wuce shi. Ya wanke su a famfon wankin mota, ya goge da gefen rigarsa. Da zai fita ya bi ta gaban baranda. Alhaji bai ɗago ba. Maganar Litinin kuwa, ba wanda ya tayar.

Ya iso gida rana ta karkata. Inna na kan tabarma a bayan gida, ta juya wa kwanon baya. Ya durƙusa a gabanta. Ya fito da kuɓewar ya jera. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro jajayen ƙyallayen, a cukurkuɗe, ya ajiye a gefensu.

Ta kalli ƙyallayen. Ta daɗe a kansu.

"Ogana ne ya zo," in ji shi. "Ya ce yana so. Ni na yanka."

"Ya san na iri ne?"

"Bai sani ba."

"Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai da kake riƙe wa Malam ƙyalle." A hankali ta faɗa, kamar tana tuna wa kanta. "Kuma ka bar ni na yi wa baiwar Allah rashin mutunci da girmana. A ranar ibadarta."

Ya so ta zage shi. Ya so ta ɗauki muciya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ya kawo mata ruwa a kwano.

Ta fasa ta farko da farce. Ƙwayoyin farare ne, ta matsa ɗaya ta fashe da ruwa. Ta ture gefe. Ta biyu ma haka. Ta uku haka. Ta ƙarshe ta fi sauran duhu, har ta fara tsagewa a baki. Da ta buɗe, na wajen gindin sun yi toka-toka, sun yi tauri. Ta zuba su a ruwan. Yawanci suka taso sama. 'Yan kaɗan suka nutse, suka kwanta a ƙasan kwano. Ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

"Za su fito?" ya tambaya.

"Allah ne ke fitarwa."

Ta tsame su, ta shanya a kan ɗaya daga cikin ƙyallayen. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi kwanon da ya raba gidajen, ta ƙwanƙwasa da zobenta.

"Maman Gilori. Maman Gilori, fito don Allah."

Sai da ta kira sau da yawa kafin ƙofar ta buɗe. Magdalena ta fito, ta cire ɗaurin coci, idanunta sun yi ja. Ta tsaya nesa da kwanon.

"Na zalunce ki," in ji Inna. "Ɓarawon a ɗakina yake kwana. Ki yafe min." Ta juya. "Zo ka faɗa mata da bakinka, har abin da ka ce ka gani."

Ya zo. Ya faɗa, duka. Muryarsa ba ta fita sosai, Inna ta sa ya maimaita wurin da ya ambaci sunanta. Magdalena ta saurara hannunta a ƙugu.

"Hanif. Kai da nake zuba maka nama biyu in ka zo shago?" Ta ja tsaki, ta share ido da bayan hannu. "Ka ji kunya wallahi. Mama, bar shi. Yaran Abuja ne, oga ya ce su yanka kansu ma za su yanka."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madarar, da tokarsa a ciki. Ta naɗe ƙwayoyin a ƙyallen, ta ɗora a kan murfin, ta miƙa ta saman kwano.

"Ki shanya su a inuwa, ba a rana ba. In sun bushe ki tura su cikin tokar, ki rufe. In ruwa ya sauka ki shuka a bokitanki."

"A'a, Mama, na mijinka ne fa. Ka ajiye a wurinka."

"Karɓi. A wurinki za su zauna."

Magdalena ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta dubi Hanif sau ɗaya, ta shige da gwangwanin.

Inna ta koma kan tabarma. Ta tattara sauran ƙyallayen, ta warware su ɗaya ɗaya, ta shimfiɗa a cinyarta tana gogewa da tafin hannu. Hanif na tsaye inda ta bar shi, warin shara na tashi daga hannun rigarsa.

"Inna, in tuge sandunan?"

"Bar su," ta ce, ba ta ɗago ba. "Je ka wanke jikinka. Gobe da ofis."